Me ya sa ake kashe maƙudan kuɗi wajen rage wa tsofaffin motocin gudu nauyi?

A dokokin da hukumar kula da tseren motoci ta duniya, FIA, ta shimfiɗa wa gasar Formula 1 ta 2026, an sauke mafi ƙarancin nauyin da aka yarda mota ta kai daga kilo 800 zuwa kilo 768. Ragin kilo 32 ke nan, bai ma kai buhun siminti ɗaya ba, amma sai da direbobi suka yi shekaru suna ƙorafi kafin a same shi.

A Faransa kuma, daga farkon 2026 duk sabuwar motar fetur da ta haura kilo 1,500 sai mai saye ya biya haraji a kan kowane kilo da ya ɗoru.

Matakan biyu tushensu ɗaya ne: motocin wannan zamani sun yi ƙiba, kuma ƙibar ta fara damun masu tsere da hukumomi baki ɗaya.

Wannan ne ya farfaɗo da wata tsohuwar sana'a a Turai da Amurka da Japan, wato ɗauko tsohuwar motar gudu, irin ƙananan nan masu ƙofa biyu da aka ƙera don gudu da daɗin tuƙi, a rage mata nauyi. Wasu a garejin gidansu suke yi da sufana da sukundireba. Wasu kuma kamfanoni ne da ke karɓar fiye da dala miliyan ɗaya a kan mota guda.

Sai dai kilo suna suka tara. Akwai wanda cire shi ke ƙara wa mota lafiya, akwai kuma wanda shi ne ke tsakanin direba da kabari ranar da tsautsayi ya faɗa.

Yadda motoci suka yi ƙiba

Alƙaluman hukumar kare muhalli ta Amurka sun nuna cewa a farkon shekarun 1980, matsakaicin nauyin sabuwar mota a ƙasar bai wuce kimanin kilo 1,450 ba. Zuwa 2022 ya haura kilo 1,900.

Dalilai uku ne suka haɗu. Na farko dokokin kare rayuka, waɗanda suka tilasta wa kamfanoni ƙarfafa gangar jikin mota, da sanya jakunkunan iska masu tare mutum lokacin karo, da sandunan ƙarfe a cikin ƙofofi. Na biyu son jin daɗi: na'urar sanyaya mota, kujerun da ke motsi da lantarki, manyan lasifikoki, da kuma yadda jama'a suka raja'a kan manyan motoci ƙirar jif. Na uku shi ne batir.

Batirin motar lantarki kaɗai kan kai ɗaruruwan kilo. A watan Janairun 2023, shugabar hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, Jennifer Homendy, ta nuna damuwa a bainar jama'a kan wannan lamari, inda ta ba da misali da motar GMC Hummer mai lantarki, wadda ta haura tan huɗu, batirinta kaɗai kuma ya kai kimanin kilo 1,300, kwatankwacin nauyin Honda Civic sukutum.

Motocin gudu ma ba su tsira ba. Sabuwar BMW M5 da ta fito a 2024, mai haɗa fetur da lantarki, ta haura kilo 2,400. Ta fi M5 ta farko ta tsakiyar shekarun 1980 da kimanin tan guda.

Misalin da ya fi sosa ran masoya mota shi ne na kamfanin Lotus na Birtaniya, wanda ya yi suna wajen ƙera motoci marasa nauyi. Motarsa Elise ta 1996 kilo 725 ce kacal. An daina ƙera ta a 2021. Yanzu kamfanin, wanda Geely na China ke riƙe da mafi yawan hannun jarinsa tun 2017, yana sayar da jif mai lantarki mai suna Eletre mai kimanin kilo 2,500. Elise uku ba su kai ta ba.

Wanda yake son mota maras nauyi a yau, zaɓinsa a cikin sababbi kaɗan ne, kuma galibi da tsada. Shi ya sa idanu suka koma kan tsofaffi, da ma an ce da tsohuwar zuma ake magani.

Lissafin kilo da doki

Ana auna ƙarfin injin mota da abin da ake kira ƙarfin doki. Amma yawan dawakin kaɗai ba ya faɗin yadda mota za ta tashi, sai an duba kayan da suke ja.

A ɗauki motar da ke da doki 250 da nauyin kilo 1,350. Kowane tan ɗaya na jikinta yana samun doki 185. Idan aka cire mata kilo 130 ba tare da an taɓa injin ba, kowane tan zai samu doki 205. Kafin a samu irin wannan ƙari ta hanyar gyaran inji, sai an nemo doki kusan 27, aikin da ke cin kuɗi, ya ƙara shan mai, ya kuma gajarta rayuwar tsohon inji.

Ana danganta wa Colin Chapman, mutumin da ya kafa Lotus, wani ra'ayi da injiniyoyi ke yawan maimaitawa, cewa ƙarin ƙarfi a miƙaƙƙiyar hanya kawai yake amfani, amma ragin nauyi yana amfani a ko'ina. Dalili shi ne, duk abin da mota ke yi, nauyinta take fama da shi. Idan za ta tashi shi take ja, idan za ta tsaya shi birki ke tarewa ya mayar da shi zafi, idan za ta sha kwana shi ke neman fizgar ta waje. Mota maras nauyi birkinta bai cika ɗaukar zafi ba, tayoyinta kuma sun fi daɗewa.

Wurin da kilon yake ma yana da muhimmanci. Nauyin da ke ƙasan sifirin, kamar taya da rim da birki, shi ne ke hawa da sauka a kan kowane rami. Idan ya ragu, taya ta fi manne wa titi. Rim kuma juyawa yake yi, saboda haka inji na wahala sau biyu a kansa: ya tura shi gaba, ya kuma juya shi.

Haka nan nauyin da ke sama ya fi na ƙasa illa, domin shi ke sa mota karkata a kwana. Wannan ne ya sa BMW ya yi wa motarsa M3 CSL ta 2003 rufi da zaren kabon, a cikin gyare-gyaren da suka rage mata kimanin kilo 110.

Bambancin kayan ƙira a fili yake. Idan aka ɗauki ƙarfe da alminiyam masu girma ɗaya, alminiyam bai wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyin ƙarfen ba. Zaren kabon kuma, wanda ake saƙawa kamar yadi a daskarar da shi da wani irin gam, kusan kashi ɗaya cikin biyar ne.

Darasin Porsche

Babu motar da tarihinta ya fi bayyana wannan batu kamar Porsche 911 ta Jamus.

A watan Oktoban 1972 kamfanin ya gabatar da 911 Carrera RS 2.7 a bajekolin motoci na Paris. Dokar tsere ta lokacin ta buƙaci a ƙera aƙalla guda 500 don sayar wa jama'a kafin a bar motar ta shiga gasa. Masu saye suka yi rububi, har aka ƙare da ƙera 1,580.

Ta fito iri biyu. Ta masu son jin daɗi kilo 1,075 ce. Ta masu son gudu kuma kilo 960, bayan an yi amfani da siririn ƙarfe da siririn gilashi, an cire kujerun baya da kayan hana ƙara shiga ciki. Kimanin 200 kawai aka yi na wannan iri na biyu, kuma a yau suna cikin tsofaffin Porsche mafi tsada a wajen gwanjo.

Bayan kusan shekara ashirin kamfanin ya maimaita dabarar a kan zubin 911 da ake kira 964, wanda aka ƙera daga 1989 zuwa 1994. Ta yau da kullum, Carrera 2, kilo 1,350 ce da doki 250. Ita kuwa Carrera RS ta 1992 kimanin kilo 1,220 ce da doki 260.

An cire mata kujerun baya da na'urar sanyi da gilashin tagogi mai hawa da lantarki. An sa mata bonet na alminiyam da rim na maganiziyam. Hatta marikin buɗe ƙofa ta ciki an maye gurbinsa da igiyar yadi.

Abin da masu kwaikwayo a gareji suka cika mantawa shi ne ɗaya rabin aikin. Injiniyoyin sun ƙara wa gangar jikin motar walda domin ta ƙara ƙarfi, sun sake sifirin da shokozoba don su dace da sabon nauyin, sun kuma inganta birki. Duk kilon da aka cire, sai da aka lissafa abin da fitarsa zai jawo wa sauran sassan.

Akwai ma lokacin da Porsche ya ƙara nauyi da gangan. Injin 911 a can baya yake, bayan tayoyin baya, abin da ya sa gabanta ba shi da nauyi sosai. A tsakiyar shekarun 1960, da masu saye suka riƙa ƙorafin yadda motar ke yi a kwana, kamfanin ya riƙa cusa guntayen ƙarfe biyu masu kimanin kilo 11 kowanne a cikin bambar gaba. Wanda ya ci karo da su a tsohuwar mota ya jefar don neman sauƙi, ya dawo da matsalar da aka sa su dominta.

A yau 911 mafi sauƙin farashi ta haura kilo 1,500. Samfurin S/T na 2023, wanda aka yi guda 1,963 kacal aka kuma cika shi da zaren kabon da maganiziyam, kilo 1,380 ne. Wato mafi rashin nauyi a zubin yanzu ta fi motar yau da kullum ta shekara talatin da suka wuce nauyi.

Kasuwar masu hannu da shuni

Wannan giɓi ne wasu kamfanoni suka gano. Mafi shahara a cikinsu shi ne Singer da ke Kalifoniya, wanda wani tsohon mawaƙi ɗan Birtaniya, Rob Dickinson, ya kafa a 2009.

Mai mota ne ke kawo tsohuwar 964 tasa. Sai a warware ta gaba ɗaya har sai ƙashin jikin ya rage, a gyara shi, a sake lulluɓe shi da zaren kabon, a sake gina inji da giya da birki.

A 2018 kamfanin ya nuna wani aiki da ya yi da haɗin gwiwar sashen injiniyoyi na Williams, sunan da aka sani a Formula 1. An sa wa aikin suna DLS, burinsa kuma shi ne mota mai doki 500 da nauyin kilo 990. Guda 75 aka tsara yi, a kan farashin da ya fara daga kimanin dala miliyan 1.8.

A Birtaniya akwai Eagle da ke irin wannan aiki a kan tsohuwar Jaguar E-Type, da Alfaholics da ke yi a kan Alfa Romeo na shekarun 1960. Shi kansa kamfanin Jaguar ya shiga kasuwar: a 1963 ya yi niyyar ƙera E-Type 18 masu jikin alminiyam don tsere, ya tsaya a 12, sai a 2014 ya sanar da cewa zai ƙarasa ragowar shidan.

Ba kowa ke murna ba. Masu son a bar tsofaffin motoci yadda suka fito na ganin cewa duk 964 da aka warware, an rage ɗaya ke nan daga cikin kimanin 63,000 da aka taɓa ƙerawa. Farashin waɗanda suka rage kuma ya yi tashin da ya fitar da masu matsakaicin ƙarfi daga kasuwar.

Abin da ake yi a gareji

Mafi yawan masu wannan sha'awa ba su da kuɗin zuwa Singer. Motarsu ita ce irin Mazda MX-5, ƙaramar motar Japan mai kujera biyu da ta fito a 1989 da nauyin da bai kai tan ɗaya ba, wadda kuma aka ƙera ta miliyan ɗaya a 2016. Ko kuma tsofaffin BMW da Honda da Nissan.

Aikin nasu hawa-hawa ne. Matakin farko kyauta ne: a kwashe tarkacen but, a cire kafet da lasifikoki da kujerun baya, a kankare baƙin kwaltan nan da ake mannawa a ƙasan mota don hana ƙara. Ranar zuwa filin tsere a ajiye safaya da jak a gefe. Man fetur ma nauyi ne, domin lita ɗaya kusan kashi uku cikin huɗu na kilo ce, tanki mai lita 60 ke nan ya kai kilo 45.

Mataki na biyu shi ne musanya. A cire batirin dalma a sa na litiyam, a sauya kujeru da marasa nauyi, a sa salansa da rim masu sauƙi. A nan kuɗi ke fara fita.

Mataki na uku shi ne taɓa jikin motar: bonet da murfin but da ƙofofi na zaren kabon ko na roba mai ƙarfi, tagogin roba maimakon gilashi, da yanke ƙarfen da ake ganin ba shi da amfani. A nan kowane kilo ya fi na bayansa tsada, kuma a nan haɗari ke shigowa.

Kamfanin Mazda da kansa wata hanya ya bi. Injiniyoyinsa suna da tsarin bin kowane ƙaramin sashe su rage masa 'yan giram, daga kusoshi har madubi. Da haka ne MX-5 ta 2015 ta fito da ragin kusan kilo 100 a kan wadda ta gabace ta, ba tare da an cire jakar iska ko ɗaya ba.

Garin neman gira

Ƙofar mota tana da nauyi ne saboda sandar ƙarfen da ke cikinta, wadda ke tare motar da ta bugo daga gefe. Ƙofar roba ko ta kabon da ake sayarwa don tsere galibi ba ta da wannan sanda, domin an yi ta ne don motar da aka riga aka kewaye cikinta da kejin ƙarfe. Wanda ya sa ta a motar da ba ta da keji, ɓawo kawai ya rage tsakaninsa da bambar wani.

Kejin ma yana da sharaɗi. A filin tsere direba na sanye da hular kwano, an kuma ɗaure shi tamau da bel mai igiya huɗu zuwa shida. A titin gari kuwa, inda ba hula, bututun ƙarfen da ke kusa da kai na iya fasa shi a ƙaramin karo.

Haka bel ɗin tsere idan ba keji. Yana riƙe mutum a miƙe, ta yadda idan mota ta kife rufin ya lotsa, ba shi da damar sunkuyawa. Sitiyarin tsere kuma ba shi da jakar iska. Tagar roba tana saurin karcewa, kuma da wuya masu ceto su fasa ta idan ana neman fito da mutum cikin gaggawa.

Kayan tsere tare suke aiki: keji, hula, bel, kujera, da filin da ke da shinge da motar asibiti a gefe. Ɗaukar guda a bar saura shi ne kuskuren da ya fi yawa.

Sannan akwai matsalar da ba ta hannun mai tsohuwar motar. Wasu masana tattalin arziki biyu na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Michael Anderson da Maximilian Auffhammer, sun yi nazarin haɗurran Amurka, suka gano cewa idan motar da ta buge ka ta ƙaru da kimanin kilo 450, yiwuwar a samu mutuwa a cikin taka motar na ƙaruwa da kashi 47 cikin 100.

Ma'ana, a titin da ya cika da jif masu tan biyu da rabi, motar da aka rage zuwa kilo 900 ita ce za ta kwashi kashinta a hannu. Sauƙin da ke ba ta nasara a filin tsere shi ne rauninta a mahaɗar hanya.

Doka, inshora da darajar mota

A Jamus, duk wani babban sauyi da aka yi wa mota sai masu binciken lafiyar ababen hawa irin su TÜV sun duba sun amince, in ba haka ba izinin hawa titi na iya faɗuwa. Ƙasar tana kuma ba motocin da suka shekara 30 wata lamba ta musamman mai harafin H, da sassaucin haraji, amma da sharaɗin motar ta kasance kusa da yadda aka ƙera ta ko gyaran ya dace da zamaninta.

A Birtaniya, motar da ta shekara 40 kan samu afuwa daga gwajin shekara-shekara, sai dai idan an yi mata gagarumin sauyi a shekara 30 na baya-bayan nan. Mai mota kuma wajibi ne ya sanar da kamfanin inshora duk gyaran da ya yi, in ya ɓoye kamfanin na iya ƙin biya ranar haɗari.

Ta fuskar kasuwa ma akwai asara. Masu tara tsofaffin motoci sun fi biyan kuɗi a kan wadda ba a taɓa ba. Shi ya sa masu dabara ke adana duk abin da suka kwance, su kuma guji yanka ko huda abin da ba zai mayu ba.

A ɗaya ɓangaren, hukumomi sun fara sa wa nauyi farashi. Faransa ta fara harajin nauyi a 2022 daga kilo 1,800, a kan Yuro 10 kowane kilo, ta sauke shi zuwa 1,600 a 2024 kafin ragin 2026. Norwe ta shigo da nata a 2023 wanda ya haɗa har da motocin lantarki. A ranar 4 ga Fabrairun 2024 mazauna Paris suka kaɗa ƙuri'ar ninka kuɗin fakin sau uku ga baƙin motoci masu nauyi, har Yuro 18 a awa a tsakiyar birnin, ko da yake waɗanda suka fito zaɓen ba su kai kashi shida cikin 100 ba.

Ina ya shafi direban Najeriya?

Ba a cika ganin tsohuwar Porsche a titunan Kano ko Kaduna ba, amma dabarar ta iso. Matasan da ke wasan mota da tsofaffin BMW da Marsandi 'yan Beljiyam suna kallon bidiyon masu wannan aiki a YouTube da TikTok, kuma kayan musanya ba sa wuyar samu a Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Apo.

Abin da ya yi ƙaranci shi ne filin da aka keɓe. Mafi yawan wasan a titin gari ake yin sa, lokacin biki ko Sallah, 'yan kallo na tsaye dab da mota, lamarin da ya sa 'yan sanda a Abuja da Kano suka sha yin gargaɗi a kai. A Afirka ta Kudu, inda irin wannan wasa da tsohuwar BMW 325i ya samo asali a unguwannin baƙar fata, an amince da shi a matsayin wasa na hukuma a 2014, aka mayar da shi filaye masu shinge da ƙa'idoji.

Akwai kuma abin da doka ta hana. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, tana buƙatar kowace mota ta riƙe safaya da abin kashe gobara da alamar nan mai kusurwa uku. Wanda ya cire su don rage nauyi ya shiga hannu, ban da wahalar da zai sha idan taya ta fashe a dajin da ba mai faci.

Wasu kanikawa kan ba da shawarar a cire matatar hayaƙin da ke cikin salansa, wadda ake kira indomi, da sunan mota za ta fi sauƙi da gudu. Nauyinta 'yan kilo ne kawai. Abin da ke jan hankali a kanta shi ne ƙarafa masu tsada da ke ciki, irin su filatinam, waɗanda ake sayarwa. Mai mota ya rasa kayansa, unguwa kuma ta shaƙi hayaƙin.

Ga direban da damuwarsa kuɗin mai ce, musamman tun bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, lissafin yana da iyaka. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa rage kashi 10 cikin 100 na nauyin mota na iya rage shan mai da kashi shida zuwa takwas. Idan aka bi wannan ƙiyasi, wanda ya sauke tarkacen kilo 50 daga motar kilo 1,400 zai tsira da lita biyu zuwa uku a kowace lita 100. Riba ce, amma ba wadda za ta sa a taɓa ƙofa ko bamba ba.

Masu mayar da mota ta koma amfani da iskar gas ta CNG kuma akasin haka suke fuskanta, domin tukunyar ƙarfen da ake ɗorawa a but tana ƙara gomman kilo a bayan mota. Darasin Porsche ya shafe su: idan nauyi ya sauya, sai a sake duba sifirin da shokozoba da birki.

Ina aka dosa?

Babu alamar sababbin motoci za su rame nan kusa, muddin batir na da nauyin da yake da shi yanzu, jama'a kuma na son manyan motoci. 'Yan kaɗan da suka karya wannan ƙa'ida ko dai ƙanana ne ƙwarai, kamar Caterham Seven 170 mai kilo 440, ko kuma na attajirai, kamar T.50 ta injiniya Gordon Murray mai nauyin da bai kai tan ɗaya ba wadda aka yi guda 100.

Ko a Formula 1, inda kuɗi ba matsala ba ne, sauke kilo aiki ne ja. A kakar 2022 sai da wasu ƙungiyoyi suka riƙa kankare fentin motocinsu don tsira da 'yan ɗaruruwan giram. Amma ba wanda ya taɓa kariyar kan direba ko ƙashin da yake zaune a ciki, domin doka ta sa an gwada ƙarfinsu kafin mota ta hau fili.

Tsohuwar motar da ke garejin gida ba ta da mai yi mata irin wannan gwaji. Mai ita da bakanikensa ne kaɗai za su tsaya a kan kowane sashe kafin su kwance shi, su tambayi aikin da kamfani ya sa shi yi. Idan jin daɗi ne kawai, kamar kafet ko lasifika, fitarsa ba ta da illa. Idan kuwa aikinsa ranar haɗari ne, gara a bar shi inda yake, ko da kilo nawa ne.